NAZARI: Rayuwar ma'aikatan da ke yi wa gwamnatin Amurka aiki alhali ba nata ba ne

A ranar 26 ga Janairun 2026, Sakataren Baitulmalin Amurka, Scott Bessent, ya sanar da soke dukkan kwangiloli 31 da ma'aikatarsa ke da su da kamfanin tuntuɓa na Booz Allen Hamilton, waɗanda jimillar kuɗinsu ta kai dala miliyan 21. Dalilin da ya bayar shi ne kamfanin ya gaza tsare bayanan masu biyan haraji. Laifin da ake magana a kai ba sabo ba ne. Tsakanin 2018 da 2020 wani ma'aikacin kamfanin mai suna Charles Littlejohn, wanda aka tura aiki hukumar tara haraji ta IRS, ya kwashi bayanan harajin Donald Trump ya miƙa wa jaridar New York Times, sannan ya kwashi na dubban attajirai ya miƙa wa kafar ProPublica. Tun cikin Janairun 2024 kotu ta ɗaure shi shekara biyar.

Ga kamfanin da ke samun kusan dala biliyan 12 a shekara, miliyan 21 ba abin da za ta rage masa. Inda maganar take da nauyi shi ne wajen mutanen da ake biyan albashinsu daga waɗannan kwangiloli, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin Littlejohn ba. A tsarin irin wannan kamfani, kujerar ma'aikaci a jikin kwangila take. Idan kwangilar ta mutu, kujerar ta tafi da ita, sai dai ya yi sa'ar samun wata kafin haƙurin kamfani ya ƙare.

Wannan fargaba ta riƙa bin ofisoshin da ke kewaye da birnin Washington, tun daga lokacin da gwamnatin Trump ta biyu ta sa kamfanonin tuntuɓa a gaba. An yi ta rubutu kan biliyoyin da aka ce an ceto da kuma faɗuwar hannun jarin kamfanonin. Abin da aka fi yi wa gajeren bayani shi ne yadda aikin yake ga wanda ke cikinsa, da irin al'adar da ta ginu a wurin da mutum ke da iyayen gida biyu, ɗaya na biyan sa, ɗaya na ba shi umarni.

Yadda gwamnati ta koma haya

Shekaru da dama adadin ma'aikatan farar hula na gwamnatin tarayyar Amurka bai yi nisa da miliyan biyu ba, idan aka cire na gidan waya, duk da cewa jama'ar ƙasar da kasafin kuɗinta sun yi ta ƙaruwa. 'Yan siyasar jam'iyyun biyu ba sa son a ce gwamnati ta yi ƙiba a hannunsu. Aikin kuwa bai ragu ba, don haka sai aka riƙa hayar masu yin sa daga waje. A shekarar kuɗi ta 2023 kaɗai gwamnatin ta kashe kimanin dala biliyan 759 a kan kwangiloli, kama daga jiragen yaƙi har zuwa mutumin da ke gyara manhajar biyan fansho. Farfesa Paul Light na Jami'ar New York ya daɗe yana nuna cewa masu cin abinci ta hanyar kwangilar gwamnati sun zarce ma'aikatanta na ainihi yawa nesa ba kusa ba.

Booz Allen na cikin tsofaffin wannan sana'a. Edwin Booz ne ya kafa shi a 1914 a jihar Illinois yana ba 'yan kasuwa shawara, kuma a 1940 ya fara yi wa rundunar sojin ruwa aiki ana shirin shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A 2008 aka raba shi gida biyu: ɓangaren da ke hulɗa da 'yan kasuwa ya kama gabansa, kamfanin zuba jari na Carlyle kuma ya sayi mafi yawan ɓangaren gwamnati a kan dala biliyan 2.54, ya kai shi kasuwar hannun jari a 2010. Hedikwatarsa na McLean a jihar Virginia, unguwa ɗaya da hukumar leƙen asiri ta CIA. Kusan kashi 98 cikin ɗari na kuɗin da yake samu daga gwamnati suke fitowa. Kamfani ne mai zaman kansa a takarda, amma kwastomansa ɗaya ne tak.

Mutanen Washington suna da sunan tsokana da suke kiran irinsa da shi, wato 'yan fashin Beltway, saboda ofisoshinsu sun jeru a bakin babban titin da ya yi wa birnin zobe. Sunan ya dace da wasu manya. Mike McConnell ya shugabanci hukumar NSA, ya koma Booz Allen, aka kira shi ya zama Daraktan Leƙen Asiri na Ƙasa a 2007, da ya sauka a 2009 ya sake komawa kamfanin. Amma akasarin ma'aikatan ba irin McConnell ba ne. Masu rubuta manhaja ne, da akantoci, da injiniyoyi, da matasan da suka gama jami'a, da kuma tsofaffin sojoji masu yawa da suka tuɓe kaki suka dawo yin kusan aikin da suka bari, a wani lokaci ma a ginin da suka bari.

Awa ita ce haja

Wanda ke son fahimtar al'adar wannan aiki sai ya fara da takardar cike lokaci. Abin da kamfanin tuntuɓa ke sayar wa gwamnati a yawancin kwangiloli shi ne awannin ma'aikatansa. Kowace kwangila na da lambarta, kuma kowace awa da mutum ya yi sai ya rubuta ta a ƙarƙashin lambar da ta dace, kullum, ba a ƙarshen mako ba. Akwai hukuma ta musamman a Ma'aikatar Tsaro da ke binciken littattafan 'yan kwangila, jami'anta kuma na iya shigowa ofis ba sanarwa su tambayi ma'aikaci abin da yake yi a wannan lokaci su gwada da abin da ya rubuta. Rubuta awar da ba a yi ba, ko ɗora ta a kan kwangilar da ba tata ba, zamba ce ga gwamnati, tana kai mutum ga kora har ma da kotu.

Daga nan ne ma'aikata suka kasu kashi biyu a idon kamfani. Akwai wanda gwamnati ke biyan awanninsa, shi ne mai kawo kuɗi. Akwai kuma wanda kamfani ke biya daga aljihunsa, shi kuma nauyi ne. Wanda kwangilarsa ta ƙare bai samu wata ba, ana cewa yana kan benci, kamar ɗan ƙwallon da koci bai saka ba. Yana karɓar albashi, amma kowa ya san agogo na tafiya. A 'yan makonnin da ake ba shi, zai riƙa neman aiki a cikin kamfanin da ya riga ya ɗauke shi aiki: ya aika takardar tarihin aikinsa ga manajojin wasu kwangiloli, ya yi ganawa, ya tuna wa wanda suka taɓa aiki tare cewa yana nan. Saboda haka sanayya ta fi ƙwazo amfani a lokuta da dama. Mai shiru-shiru da ya shekara huɗu yana yi wa wata hukuma aiki tuƙuru ba tare da manyan kamfaninsa sun san fuskarsa ba, shi ne ya fi shan wahala ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Akwai kuma aiki na biyu da ba ya cikin awannin da gwamnati ke biya. Mai son ƙarin girma dole ya taimaka wajen rubuta takardun neman sababbin kwangiloli, ya halarci tarukan kamfani, ya horar da na baya. Yawanci da yamma ake yin wannan ko a ƙarshen mako, bayan an tashi daga ofishin gwamnati. Ƙarin girma a matakin ƙasa ya danganta da iya aiki, amma daga wani mataki zuwa sama tambayar ita ce nawa mutum ya kawo.

Ba a nan maganar kuɗi ta tsaya ba. A 2011 ƙungiyar sa ido ta POGO ta kwatanta abin da gwamnati ke biyan 'yan kwangila da abin da take kashewa a kan ma'aikatanta masu irin wannan aiki, ta gano cewa na 'yan kwangilar ya kusa ninki biyu. Masu suka kan riƙe wannan adadi su ce ma'aikatan kwangila na wawushe dukiyar jama'a. Sai dai abin da gwamnati ke biya a kan awa ɗaya ba shi ne ke shiga aljihun ma'aikaci ba. Daga ciki ake cire kuɗin ofis, da albashin manajoji, da inshora, da ribar masu hannun jari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gaskiya ne cewa ƙwararre a fannin kwamfuta zai fi samun albashi a kamfani, domin albashin ma'aikacin gwamnati na gama-gari na da rufin da bai kai dala dubu 200 a shekara ba. Amma shi na gwamnati yana da fansho da kuma kariyar da ta sa korar sa ke da wuya, aƙalla kafin 2025. Na kamfani a jiha irin Virginia ana iya sallamar sa kowace rana ba tare da an ba da dalili ba, inshorar lafiyar iyalinsa kuma ta bi aikin.

Agola a ofis

Dubban ma'aikatan kwangila ba sa zama a ofishin kamfaninsu. Kowace safiya ma'aikatar gwamnati suke tafiya, su zauna tebur da tebur da ma'aikatanta. A hukumomin leƙen asiri launin katin wuya ma ya bambanta su: shuɗi na 'yan gida, kore na 'yan kwangila. Ƙa'ida ta ce ɗan kwangila ya bayyana kansa a taro da kuma a saƙon imel, kada a ɗauka da yawun gwamnati yake magana. Ba ya sa hannu a madadinta, ba ya yanke hukuncin da doka ta keɓe wa jami'inta. Zai iya rubuta rahoton daga farko har ƙarshe, amma sunan wani ne zai fito a kai. Matsayinsa ya yi kama da na agola: yana cikin gida, yana aikin gida, ya san sirrin gida, amma ranar rabon gado ba a ƙirga shi.

Iyayen gida biyu da yake da su ba kullum bukatarsu ke haɗuwa ba. Jami'in gwamnati na son a gama aiki. Manajan kamfani na son a gama aikin, a kuma gano wani sabon da hukumar za ta biya. Ma'aikacin da ya lura cewa aikin da ake yi ba shi da amfani yana cikin tsaka mai wuya, domin faɗar haka daidai yake da sare reshen da yake zaune a kai. Wannan ne ainihin abin da ya kamata masu sukar tsarin su riƙe, fiye da batun albashi.

Yawancin kwangilolin hidima shekara ɗaya ake ba su, da damar sabuntawa har sau huɗu. Bayan shekara biyar sai a sake buɗe takara. Idan wani kamfani ya yi nasara, sau da yawa yakan ɗauki mutanen da ya tarar, tunda su suka san aikin. Mutum zai tashi ranar Juma'a yana ma'aikacin wani kamfani, ya dawo Litinin kan teburinsa na da yana ma'aikacin wani, da sabon kati, da sabuwar inshora, wani lokaci da ragaggen albashi, domin sabon kamfanin da rahusa ya ci takarar. Akwai waɗanda suka shekara goma sha biyar a hukuma ɗaya suka sauya kamfani sau uku ba tare da sun sauya kujera ba. Biyayyar irin wannan mutum ga hukumar take komawa, ko ga aikin kansa, kamfani kuwa ya zama mai biyan albashi kawai. Shi ya sa duk ƙoƙarin da kamfanonin ke yi na gina zumunci ta hanyar liyafa da taken kishin ƙasa, zaman yakan zama na 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba.

Bambancin ya fi fitowa fili idan rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da ayyukan gwamnati. A tsayawar kwana 35 ta ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, majalisa ta yi dokar da ta tabbatar wa ma'aikatan gwamnati cewa za a biya su albashin kwanakin da suka zauna a gida. Dokar ba ta haɗa da 'yan kwangila ba. Da aka sake rufewa daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, kwana 43, mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa wannan lokaci, haka abin ya kasance. Wanda kwangilarsa ke da kuɗin da aka riga aka ware ya ci gaba da aiki. Wanda aka dakatar da tasa sai ya cinye kwanakin hutunsa na shekara, idan sun ƙare ya zauna ba albashi. Manyan kamfanoni na iya riƙe mutanensu na ɗan lokaci. Masu shara da masu gadi da ke ƙarƙashin ƙananan kamfanoni su ne suka fi jin jiki.

Izinin ganin sirri

Kadara mafi tsada da ma'aikacin irin wannan kamfani ke da ita ita ce izinin ganin bayanan sirri. Kafin a ba shi sai ya cike fom mai shafi sama da ɗari: duk inda ya zauna cikin shekara goma, basussukansa, tafiye-tafiyensa, shaye-shaye idan ya taɓa yi, da 'yan ƙasar waje da yake hulɗa da su. Masu bincike kan je wurin maƙwabta da tsofaffin abokan aiki. Wasu hukumomin na ƙarawa da na'urar gano ƙarya. Sai ɗan ƙasa ake ba wa, kuma ga Ba'amurke ɗan asalin Nijeriya, waɗanda suke da yawa a jihar Maryland da ke maƙwabtaka da Washington, kowane ɗan'uwa na kusa da ke gida da kowane fili da ya mallaka a can abin bayyanawa ne, binciken kuma yakan ƙara tsawo.

Wanda ya samu izinin ya zama abin nema, albashinsa ya tashi, kamfanoni na zawarcinsa. Amma yana aiki a ɗakin da ba a shiga da waya, ba ya iya gaya wa matarsa abin da ya wuni yana yi, sannan idan ya so komawa kamfanin da ba na gwamnati ba, ba shi da aikin da zai iya nunawa a matsayin shaida. Binciken da jaridar Washington Post ta wallafa a 2010 ya ƙiyasta cewa mutum 854,000 ne ke da izinin ganin sirri na ƙoli, 265,000 daga cikinsu 'yan kwangila.

A nan ne sunan Booz Allen ya fi shan jifa. Edward Snowden bai cika wata uku a kamfanin ba, yana aiki a cibiyar NSA da ke Hawaii, lokacin da ya tsere Hong Kong a 2013 da takardun da suka fallasa yadda Amurka ke tattara bayanan wayoyin jama'a. Kamfanin ya kore shi, ya kuma sanar da cewa albashinsa dala 122,000 ne a shekara. A 2016 aka kama Harold Martin, shi ma ma'aikacin kamfanin, da tulin bayanan sirri da ya shafe shekaru yana tarawa a gidansa, aka ɗaure shi shekara tara. Sai kuma Littlejohn. Hujjar kamfanin a kan na ƙarshen ita ce a kwamfutocin gwamnati aka yi satar, ba a nasa ba. Hujjar tana da ƙarfi, kuma a batun izinin sirri gwamnati ce ke tantancewa ta bayar. Duk da haka bayan kowace fallasa sauran ma'aikata ne ke ɗaukar ƙarin sa ido da ƙarin horo kan yadda za su lura da abokin aikin da halinsa ya sauya. Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma amana tsakanin masu zama ɗaki ɗaya ta ragu.

Wadda ta yi magana daga ciki

Labarin Sarah Feinberg ya nuna abin da ke faruwa da wanda ya bi ta ƙofa maimakon ta taga. Tsohuwar hafsar sojin kundumbala ce da ta yi aiki a Iraƙi, ta shiga Booz Allen, aka saka ta cikin ƙaramin ayarin da ke duba tsarin lissafin kuɗin kamfanin. A nan ta gano cewa ana ɗora wa gwamnati wasu kuɗaɗen da aka kashe a harkokin kamfanin na kasuwanci da na ƙasashen waje, waɗanda ba ruwan gwamnati da su. Ta ce ta kai maganar gaban manya ba a ɗauki mataki ba. A 2016 ta ajiye aiki ta shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar hana yi wa gwamnati zamba, wadda aka kafa tun 1863 zamanin Abraham Lincoln saboda 'yan kwangilar da ke cutar sojoji a yaƙin basasa. Dokar ta ba mai fallasa damar yin ƙara a madadin gwamnati ya samu kaso daga abin da aka ƙwato.

Sai a Yulin 2023 aka sasanta. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 377, ba tare da ya amsa laifi ba, an kuma riga an rufe binciken aikata laifi tun 2021 ba a tuhumi kowa ba. Feinberg ta samu kusan dala miliyan 70. Masu jin wannan adadi kan manta da shekara bakwai da ta yi tana jira, a garin da kowa ya san kowa a sana'ar. Darasin da sauran ma'aikata suka ɗauka na iya zama kowanne daga cikin biyu, kuma ga mai 'ya'ya a makaranta da bashin gida a wuya, shiru ya fi sauƙi.

Shekarar zaftarewa

A Fabrairun 2025 hukumar GSA, mai kula da sayayyar gwamnati, ta umarci ma'aikatu su sake duba kwangilolinsu da manyan kamfanonin tuntuɓa goma, ciki har da Deloitte, Accenture, Booz Allen, Leidos, Guidehouse da IBM, waɗanda ta ce za su karɓi sama da dala biliyan 65 a 2025 da shekarun da ke biye. A Afrilu Sakataren Tsaro Pete Hegseth ya sanar da soke kwangilolin dala biliyan 5.1. A Mayu shugaban Booz Allen, Horacio Rozanski, ya ce za a rage ma'aikata kusan 2,500, wato kashi bakwai cikin ɗari, galibi daga ɓangaren da ke yi wa ma'aikatun farar hula aiki. A Oktoba kamfanin ya sake sanar da wani ragin. A da, wanda aka sallama daga kamfani yakan nemi aikin gwamnati, wanda ya gaji da gwamnati ya koma kamfani. A wannan karon ƙofofin biyu sun rufe lokaci guda, domin gwamnatin ma ta rage ma'aikatanta da kimanin dubu 300 a cikin shekarar.

Al'adar cikin gida ma ta juya cikin 'yan makonni. A ranar 21 ga Janairun 2025 Trump ya soke umarnin da Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, wanda ya wajabta wa 'yan kwangilar gwamnati ɗaukar matakan ba tsiraru dama a wajen aiki. Kamfanonin da suka shekara suna tallata shirye-shiryen daidaito tsakanin jinsi da launin fata suka rufe su nan take. Ko mutum na goyon bayan shirye-shiryen ko yana adawa da su, saurin da aka yi ya nuna wa ma'aikata cewa aƙidar kamfanin ita ce ta wanda ke riƙe da asusu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Inda abin ya taɓo Nijeriya

Mafi munin rugujewa ta faru ne a kamfanonin da ke yi wa hukumar agaji ta USAID aiki, kuma nan ne girgizar ta iso Nijeriya kai tsaye. Bayan umarnin 20 ga Janairu na dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, sai umarnin tsayar da aiki ya biyo baya cikin kwanaki. Kamfanoni irin Chemonics da DAI suna kashe kuɗinsu ne tukuna sannan gwamnati ta mayar musu, don haka da aka toshe biya, har da na aikin da aka riga aka gama, suka tura ɗaruruwan ma'aikata hutun dole ba albashi. Suna cikin waɗanda suka kai ƙara kan bashin kusan dala biliyan biyu, kuma a ranar 5 ga Maris Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta ƙi dakatar da umarnin biya. Hakan bai ceci hukumar ba. Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryenta, a ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe ta. Wani abin tausayi game da Chemonics shi ne ma'aikatansa ne suka mallake shi ta hanyar asusun ritaya, saboda haka aikinsu da ajiyar tsufansu a kwando ɗaya suke.

Chemonics ne ya riƙe kwangilar dala biliyan 9.5 ta sayo magungunan HIV da na zazzaɓin cizon sauro da gidajen sauro da kai su ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya, inda shirin Amurka na yaƙi da zazzaɓin ya yi aiki a jihohi irin su Bauchi, Kebbi da Zamfara. Ba a rasa abin zargi a tsarin ba: a Disamban 2024 kamfanin ya biya kimanin dala miliyan uku don sasanta zargin cewa wani ƙaramin ɗan kwangilarsa a Nijeriya ya ƙara kuɗin jigilar kaya. Amma 'yan Nijeriya da irin waɗannan kamfanoni suka ɗauka, masu harhaɗa magunguna da jami'an lissafi da direbobi da masu tattara alƙaluma, su ma a jikin kwangila kujerunsu suke, kuma ba su da benci. Aikin da matasa ke ɗauka a matsayin mafi kyawun samu a Abuja ya zama wanda saƙo ɗaya daga Washington ke iya tsayarwa. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin fannin lafiya, kuɗin da aka nufa ga magani da rigakafi fiye da albashin waɗanda suka san hanyar da maganin ke bi.

Gwamnatin Trump na da gaskiya a kan cewa tsarin biyan awa yana saka wa kamfani idan aiki ya yi tsawo, kuma hukumomi da yawa sun saki ƙwarewarsu har sun kasa tantance abin da ake sayar musu. Inda lissafinta ya yi rauni shi ne rage 'yan kwangila da ma'aikatan gwamnati a lokaci ɗaya, alhali 'yan kwangilar an kawo su ne don cike gurbin ma'aikatan da aka ƙi ɗauka. Abin da take nema yanzu shi ne a riƙa biya bisa sakamakon aiki maimakon awanni, kuma Rozanski ya ce yana maraba da hakan, yana mai dogaro da fasahar ƙirƙirarriyar basira. A tsohon tsari, kowane ƙarin mutum a kan kwangila ƙarin kuɗi ne ga kamfani. A sabon, farashi a yanke yake tun farko, don haka duk mutumin da aka iya cirewa daga aikin ƙarin riba ne.